Wa Ke Shanye Hoton Sabitu?

Akwai wani tela a Dutsin-Ma da ake ce wa Sabitu, a shekarun da aka ba Katsina jiharta. Mutum ne mai hannu a ɗinki. In ya yi maka babbar riga, sai an tsayar da kai a hanya an tambaye ka wa ya yi. Aibinsa guda ne: ba ya iya ganin abu mai kyau a hannun wani ya ci tuwonsa da daɗi.

Shi ya fara sayen talabijin a layinsu. Baƙi da fari ce, mai aiki da batirin mota, don a lokacin wayar wuta ba ta kai unguwar ba. Ya haƙa rami a tsakar gida ya kafa ƙarfen famfo, ya ɗaura gora a kansa, ya ɗora eriya can sama tana fuskantar Katsina. Akwatin kuwa a zaure ya ajiye shi, kusa da keken ɗinki, har da rigar leshi da ya ɗinka masa.

Da an yi la'asar gidan talabijin ya buɗe, zauren nan cika yake har bakin titi. Sabitu zai hakimce a kujera, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya dubi jama'a ta saman tabarau.

"Kada wanda ya taɓa mini maɓalli. Wannan ba rediyon kakanku ba ce."

Ba a jima ba sunansa ya tashi daga Sabitu tela ya koma Sabitu mai talabijin. In an kira shi da sunan, har tafiyarsa canzawa take.

Ana nan sai wani baƙo ya tare a gidan da ke jikin katangarsa. Gidiyon sunansa, mutumin Pankshin, akawu a ofishin ƙaramar hukuma. Matarsa Kezia ba ta yi wata ba suka ƙulla da Rahamatu, matar Sabitu. Ta kan katanga ake miƙa gishiri, a miƙo daddawa. Ko ƙugiyar da Rahamatu ke tsinko zogale da ita, rabin kwanakinta a gidan Kezia take yi.

Sabitu bai damu ba. Har ranar da ya fito alwala ya ɗaga kai, ya ga wata eriya fara tas a kan rufin kwanon Gidiyon, tana ƙyalli.

Ranar butar ma sai da ta sha zagi.

To, a cikin satin nan ne kuma Sabitu ya je kasuwar Kurfi ya sayo rago don layya. Balami ne, ƙato, mai wuya kamar turmi. Aka kafa masa turke, ya tumɓuke. Aka sake kafa wani, ya sake tumɓukewa ya shiga madafa ya kifar da tukunya. Sabitu ya duba gidan kaf, bai ga abin da ya kai ƙarfen eriya ƙarfi ba, sai ya ɗaure shi a nan da hannunsa, ya kakkaɓe tafi.

"Tumɓuke wannan in gani, ɗan banza."

Rago bai tumɓuke ba. Juya shi ya riƙa yi.

Ku duba yadda abin yake. Bayan la'asar Rahamatu ke kwaɓa wa rago dusa. Da ya hango ƙwarya sai ya haukace, ya ja nan, ya ja can, ya kewaye ƙarfe. Ƙarfe ya murɗa a cikin raminsa, eriya ta bar kallon Katsina ta koma gaida mutanen Safana. A zaure kuwa, mai karanta labarai yana tsakiyar magana sai ka ga kansa ya rabu da wuyansa, sai yayyafi ya rufe gilashi, shuuuu.

Mazan zaure suna ganin hoto, ba sa ganin rago. Rahamatu a cikin gida tana ganin rago, ba ta ganin hoto. Kowa da rabin labari.

Ba abin da Sabitu bai yi ba. Ya kai batir caji. Ya sake waya sabuwa. Ya kwance bayan akwatin ya hura iska har ya yi atishawa. Wani ya ce a rataya wa eriya murfin tukunya, ya kwashe murafen Rahamatu ya rataya, ta koma rufe miya da faifai. In abin ya ishe shi sai ya kai wa akwatin mari a gefe, ya ce, "Yi magana mana!"

Abin da ya fi ƙona masa rai, in an buɗe tasha hoton fes yake fitowa. Sai jama'a sun gyara zama, an fara jin daɗi, sannan ya ɓace.

A hankali zauren ya fara ramewa. Wannan ya ce zai je ya kama ruwa, ba ya dawowa. Wancan ya ce ya manta bai ɗaure jaki ba. Duk a barandar Gidiyon suke ƙarewa. Sabitu yana zaune gaban yayyafinsa, yana jin dariyar mutanensa na tsallako katanga. Har muryoyin yake tantancewa.

"Ka ji Ɗan'auta can. Wanda na yi wa wando ranar jajibirin salla ban runtsa ba."

Mutum ɗaya ya rage masa, Lado. Shi manomin rani ne a gefen dam ɗin Zobe, kuma ba kallo ke kawo shi ba, neman mai sauraro ke kawo shi. Wata yamma ya fita ya tsaya a titi, ya dubi eriyar Sabitu, ya dubi ta Gidiyon, ya dawo yana kaɗa kai kamar wanda ya gano maganin mutuwa.

"Sabitu, ai ni na gane. Ina Katsina take?"

"Can, arewa."

"Gidan wa ke arewa da naka?"

"Na Gidiyon."

"To ka gani! Wannan abin ai kamar ban ruwa ne. In aka sako ruwa daga dam, na gaba shi ke fara sha. In ya datse, kai na baya sai laka. Hoton nan daga Katsina yake gangarowa, ya zo ya tarar da eriyar akawu baki buɗe. Ta shanye mai kyan, ta bar maka gurɓin."

Sabitu ya lissafa a zuci: yaushe hoto ya fara lalacewa? Satin da Gidiyon ya ɗora eriya. Maganar ta shige shi daram, don dama abin da zuciyarsa ke son ji ke nan.

"Yanzu mene ne abin yi?"

"Ka fi shi tsawo. Ka ɗebi naka tun daga sama kafin ya sauko."

Washegari Sabitu ya sayo wata gorar ya ƙara a kan ta da. Eriyarsa ta tashi har ana hango ta daga tasha. Rago ya ji ƙarfe ya ƙara nauyi, ya ƙara ƙarfin ja.

Mutum biyu tak ke ganin abin da ke faruwa, Gidiyon da matarsa. Daga barandarsa yana hango saman eriyar Sabitu tana rawa duk yamma, murafen tukunya na kaɗawa, yana kuma jin kukan rago a daidai lokacin. Ranar wata Asabar ya ɗauko tsohon wandonsa a matsayin dalili, ya yi sallama a zauren.

"Malam Sabitu, sannu da aiki. A ɗan rage mini ƙafan wannan."

"Ajiye can."

Gidiyon ya ajiye, ya ɗan sosa ƙeya. Hausarsa irin ta mutanen Filato ce, mace ma "ya" ce a bakinsa.

"Maƙwabci, wani abu ne nake so in gaya maka. Kezia ya gani, ni ma na gani. Wannan rago naka..."

Sabitu ya tsayar da keke. Ya cire tabarau a hankali.

"Ragona kuma?"

"I, in yamma ya yi..."

"Tsaya, akawu. Ka kwashe mini jama'a, na yi shiru. Ka shanye mini hoto, na yi shiru. Yanzu kuma ragon layyata ka sa wa ido? Ta kan katanga kake leƙa mini gida?"

"A'a, ba haka ba, Allah ya sani. Igiya ne..."

"Igiyar ma taka ce? Ɗauki wandonka. Keke ya lalace."

Gidiyon ya ɗauki wandonsa ya fita. Sabitu ya juya wajen Lado, ya langaɓe kai ya maƙe murya: "Kezia ya gani, ni ma na gani." Lado ya yi dariya har da buga cinya.

Sai ga saƙo daga Rawayau.

Mahaifin Rahamatu, Alhaji Dalhatu, babban manomi ne a can. Tun ranar da Sabitu ya sayi talabijin yake ce mata akwatin ɓata lokaci, kuma bai taɓa yarda ya zauna gabanta ba. In ya zo Dutsin-Ma, a soron waje yake gaisawa ya wuce. To ashe ma'aikatan gidan talabijin sun je kasuwar Kurfi ɗaukar shirin manoma, suka tarar da Alhaji da bijimansa biyu na huɗa, suka sa shi gaba ya yi bayani. Sun ce ranar Alhamis bayan la'asar za a nuna, kuma sau ɗaya ake nunawa.

Saƙon Alhaji gajere ne: a gaya wa Sabitu ya share zaure, yana nan tafe da mutanensa ya ga kansa.

Sabitu ya ji daɗi har kunnuwansa suka yi zafi. Yau ga surukin da ke raina talabijin zai zo da ƙafarsa ya zauna gabanta, a zaurensa, gaban mutanen Rawayau da na Kurfi. Sai kuma ya tuna da hoton. In yayyafin nan ya sauko a gaban Alhaji fa? Wani zai ce, "Ai akwai mai kyau a maƙwabta," a kwashi surukinsa a kai barandar Gidiyon.

"Gara in mutu," in ji shi, shi kaɗai gaban keke.

Ranar Lahadi da hantsi ya ji Gidiyon da iyalinsa sun kulle gida sun tafi coci. Rahamatu ta shiga wanka. Sabitu ya jingina tsani a katanga, ya ɗauki ƙugiyar zogale ya hau. Niyyarsa ya ɗan karkatar da bakin eriyar ne kawai, ta bar shan nasa. Ya saƙala ƙugiya ya ja. Shiru. Ya ƙara ja da ƙarfi.

Ƙas!

Ƙarfen da ya riƙe eriyar a jikin sanda ya karye. Eriya ta kife a kan kwano da ƙara, ta tafi da ƙugiyar gaba ɗaya. Sabitu ya sauko tsani ba tare da ya taka rabin matakalar ba, ya faɗa zaure ya kama taka keke babu zare.

Da azahar Kezia ta leƙo ta kan katanga.

"Rahamatu! Ga ƙugiyan ku. A kan rufin mu muka same shi, cikin eriya."

Ta miƙo. Rahamatu ta tsaya da ƙugiya a hannu, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta nufi ƙofar zaure ta tsaya daga bayan labule.

"Maigida, ƙugiyata ta fara tashi sama."

"Iska ce."

"Iskar da ta jingina tsani a katanga?"

"Rahamatu, ki koma madafa."

"Zan koma. Amma matar nan ita ta zauna da ni kwana da kwanaki lokacin da na yi ɓari. Yanzu da wane ido zan karɓi gishirinta?"

Duk yinin Sabitu yana jiran Gidiyon ya zo da faɗa, ko ya kai ƙara wajen mai unguwa. Bai zo ba. Da suka haɗu a titi ma cewa ya yi, "Sannu, maƙwabci," ya wuce. An dai ji yana gaya wa mai shayi cewa ƙarfen da ya karye sai a Katsina ake samu, sai ya sami shiga.

Da yamma jama'a suka dawo zauren Sabitu, tun da babu wani wurin. Ya hakimce, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Hoto ya fito fes. Can cikin gida Rahamatu ta ɗauko ƙwaryar dusa.

Shuuuu.

Babu eriyar Gidiyon a sama, ga kuma yayyafi. Mai hankali a nan zai tsaya ya sake tunani. Sabitu ya dubi Lado.

"Haka yake," in ji Lado, ko gezau. "Ko an buɗe datsi, ruwa ba ya isowa nan take. Sai hanya ta jiƙa. Ƙara gora."

Ya ƙara ta uku. Eriyar ta yi tsawon da ko iska ba ta busa ba sai ta yi layi.

Ranar Alhamis, tun kafin la'asar, akori-kura ta tsaya ƙofar gidan, cike da mutane har kan ƙarfe. Alhaji Dalhatu ya sauko daga gaba da rawani da sanda. Sabitu ya tarbe shi cikin babbar riga sabuwa dal, shadda fara mai sitaci, ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lahiya lau. Ina akwatin naka? Mu ga ƙaryar da suka yi mani."

Mata suka shige ciki wajen Rahamatu. Alhaji bai zo hannu rabbana ba, ya kawo wa ragon surukinsa damin harawa kore shar. Aka shigar da shi aka jefar a tsakar gida, nesa kaɗan da inda igiyar rago ta tsaya.

Aka yi salla, aka zauna. Zaure ya cika, titi ya cika. Sabitu ya yaye rigar leshi, ya yi bismilla, ya murɗa maɓalli. Hoto ya fito tar, kamar ka sa hannu ka taɓa. Mai gabatarwa ya ce yanzu za a kawo shirin manoma daga kasuwar Kurfi. Kiɗan buɗe shiri ya tashi. Alhaji ya gyara rawani kamar ana ganinsa daga ciki.

A tsakar gida kuwa, rago ya daɗe yana kallon harawar nan. Ya ja, igiya ta hana. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya taho da dukan ƙarfin da Allah ya ba shi.

Abin da mutanen zaure suka ji shi ne ƙara, ƙaƙaƙas, sai rim! Sai salatin mata. Gilashi ya koma yayyafi.

Sabitu bai shiga gida ba. Waje ya yi da gudu, ya tsaya tsakiyar titi yana nuna rufin Gidiyon.

"Ka gani ko! Ka sake..."

Babu abin da ke tsaye a kan rufin. Ya ɗaga kai wajen nasa gidan. Nan ma babu komai, sai sarari.

Ya faɗa ciki. Gorori uku sun kwanta sun raba tsakar gida biyu. Eriya ta lanƙwashe a bakin rijiya, murafen tukunya sun watse, ɗaya na ta juyawa a ƙasa. Ƙarfen famfo ya fito daga raminsa, igiya na ɗaure a gindinsa, a ɗaya bakin igiyar kuma ga rago, baki cike da harawa, yana taunawa cikin kwanciyar hankali.

"Kullum haka yake ja?" in ji Sabitu.

"Kullum in ya ga dusa," in ji Rahamatu. "Har ƙarfen juyawa yake. Na ɗauka ka sani, ai kai ka ɗaure shi."

Sabitu ya riƙe kai da hannu biyu. Daga zaure ya ji muryar Alhaji: "Mi ya hwaru? Ina nike? Ni ban ga komi ba sai ƙwari na yawo!"

Sabitu ya fito. A bakin zauren ya tarar da Gidiyon tsaye, da singileti, ya ji ƙarar ya fito.

"Malam Sabitu, lokaci yana tafiya. Kawo su gidana. Eriya na bai lalace ba, abin riƙewa ne ya karye. In mutum ya hau ya riƙe da hannu, hoto zai fito."

Abin da Sabitu ya ce gara ya mutu da ya gani, shi ya gani. Jama'a suka tashi ɗuu suka bi Gidiyon. Kezia ta shimfiɗa wa mata tabarmi ta gefe, aka fito da akwatin baranda, aka kawo wa Alhaji kujera mai hannu. Alhaji ya ɗaga kai ya hango eriya kwance a kan kwano.

"Yaro, kai kuma mi ya sami taka?"

"Ya faɗi ne, Baba," in ji Gidiyon.

"Haka kurum? Ƙarhe ya hwaɗi haka kurum?"

Gidiyon ya dubi ƙasa. Kezia ta dubi Rahamatu. Rahamatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Sabitu ya matso gaba.

"Ni ne, Baba. Ni na karya."

Alhaji ya dube shi daga hula har takalmi.

"To ba mu da lokacin shari'a. Wanda ya kayar, shi ka ɗagawa. Hau."

Sabitu ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya hau tsani. Kwanon ya sha rana tun safe, zafinsa na ratsa takalmi. Ya ɗaga eriya sama da hannu biyu.

"Dama!" in ji jama'a daga ƙasa.

Ya juya dama.

"Ya yi yawa! Hagu! Hagu, tela!"

"Kaɗan! Ƙiris! Tsaya! Tsaya nan, kada ka numfasa!"

Sai ihu ya tashi. "Ga Alhaji! Wallahi ga Alhaji! Ga bijimin nan mai tabo!" Mata suka rangaɗa guɗa. Sabitu ya ji muryar surukinsa ta fito daga akwatin tana bayanin huɗa, ya kuma ji muryar surukin nasa na gaske yana cewa, "Ashe haka hancina yake? Ɗiyata, zo ki ga ubanki!"

Ya ɗan sunkuya ya leƙa ta bakin kwano, ko zai hango gefen gilashin.

"Sabituuu!" in ji baranda gaba ɗaya. Har da Lado.

Ya miƙe zumbur. Gumi ya narkar da sitaci, shadda ta manne a baya. Masu wucewa a titi suka tsaya suna nuna shi. Duk dariyar da aka yi a ƙasa, sai ya ƙaga abin da ya jawo ta a zuciyarsa.

Can ya ji tsani na motsi. Kan Gidiyon ya ɓullo.

"Kawo in riƙe. Sauka ka gani, surukinka ne."

Sabitu ya dube shi. Da ƙyar ya ce, "Akawu, ranar nan da ka zo da wando..."

"Rago ne nake so in gaya maka. Ya wuce. Sauka da sauri."

Ya miƙa masa eriya ya kama tsani. Babbar riga ta saƙale a bakin kwano. Ya ja, ta ƙi. Ya fizga, ta yage tun daga aljihu har ƙasa. Ya diro, ya kutsa cikin jama'a yana ture kafaɗu, ya iso gaban akwatin yana haki.

Mai gabatarwa ne a gilashi, yana murmushi. "To jama'a, a nan muka kawo ƙarshen shirin."

Aka tashi ana ta mayar da zance, kowa na kwaikwayon yadda Alhaji ya riƙe akalar bijimi. Alhaji ya jira Gidiyon ya sauko, ya kama hannunsa da hannu biyu ya daɗe yana sa masa albarka. Ya ce in kaka ta yi, buhun dawa na nan tafe daga Rawayau. Sannan ya juya ga surukinsa, wanda ke tsaye da riga a yage.

"Sabitu, ka gan ni kuwa?"

"Ban gani ba, Baba."

"Ayya. Na hito da kyau ƙwarai." Ya dafa sanda ya miƙe. "In ka sami sarari ka roƙi maƙwabcinka ya ba ka labari. Shi ya ga rabi."

Darasi: In abu ya lalace maka, fara duba tsakar gidanka kafin ka ɗaga kai rufin maƙwabci. Hassada ba ta barin mutum ya saurari mai gaya masa gaskiya, kuma abin da ka karya wa wani yau, wataƙila shi za ka nema gobe ido rufe. Ku kuma masu zagin maƙwabta duk sanda intanet ɗin waifai ya yanke, ku leƙa bayan na'urar tukuna, ku ga wa ya ja waya. Tura wa 'yan uwa da abokai su karanta, musamman wancan da kuka tuna tun daga tsakiyar labarin.